An kama ɗan yayata da ƙulli biyu, wata na huɗu ke nan yana tsare

Maman Walida:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta muhawarorinku ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Ɗan yayata ne, a hannuna ya tashi tun rasuwar uwarsa, shekararsa 17 da wata biyar. Ba zan ɓoye muku ba, yana shaye-shaye. Tun bara na gane, da ya fara barci har azahar, ido jawur, ga saurin fushi, sai kuma kuɗin cefane suka fara ɓata. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da kawunsa, ba a dace ba.

Wata Laraba da daddare aka kai samame bayan makarantar firamaren unguwarmu inda suke zama, aka kwashe su goma sha ɗaya. A aljihunsa an samu ƙulli biyu na wiwi da rabin katin ƙwaya. Kafin sati ya zagayo takwas sun dawo gida, iyayensu sun je sun yi abin da ake yi. Ni awara nake soyawa a ƙofar gida, abin da aka nema ba ni da shi. Aka kai shi kotu, a takardar tuhuma aka rubuta shekararsa 20. Alƙali ya ba da beli, amma sai mai tsaya masa ya zama ma'aikacin gwamnati mai takardar gida. Ina zan samo shi? Sau uku ana ɗage shari'ar.

Ranar Asabar na kai masa abinci. Ya tsuguna ya kare kwanon da hannu ɗaya yana ci da sauri yana waige, kamar za a ƙwace. Tsakanin yatsunsa duk ƙazuwa. Bai tambaye ni ƙannensa ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Inna, ki bar min dubu biyu, in ban biya shugaban ɗaki ba kusa da bokiti zan kwana." Na fito na zauna a bakin titi ƙafata ta ƙi ɗaukata.

Don Allah masu sani ku faɗa min, haka doka ta ce a yi da yaro? Kuma me ya kamata in yi?

Ummu Hafsa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya fito da shi, ya shirya mana zuri'a. Yaya, ki riƙe addu'a, kada ki daina zuwa masa.

Abban Sadik:
Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ƙanena yana dawowa daga shago bayan isha'i wasu yara uku suka tare shi, suka soka masa wuƙa a cinya saboda waya. Yau shekara biyu yana jan ƙafa. Da aka kama ɗayansu ko tsayuwa ba ya iya yi don buguwa, kuma shi ma uwarsa cewa ta yi yaro ne. Duk mai ƙwacen waya da kika gani, daga ƙulli biyun nan ya fara. In aka ce duk wanda aka kama a shafa masa kai a sake shi, mu da muke fita nema da asuba mu dawo da dare wa zai kare mu? A bar shi ya ɗanɗana, wataƙila ya dawo hayyacinsa.

Maman Walida:
Allah ya ba ƙanenka lafiya, wallahi na tausaya. Ban ce a sake shi ya koma bayan makaranta ba. Amma nawa bai soki kowa ba, kuma yanzu da masu sukan yake kwana ɗaki ɗaya.

Barista:
Hajiya, amsar tambayarki ta farko: a'a, ba haka doka ta ce ba. Bari in bi abin daki-daki, don da yawa a nan za su amfana.

Dokar da ta kafa hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1989 take, zamanin soja, kuma tana da tsauri ƙwarai. A rubuce, wanda aka samu da irin waɗannan kayan ko yana sha, ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ne, mai shigowa da su ko sayarwa kuma har rai da rai. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin shari'ar da aka shigar a ƙarƙashinta. A aikace alƙalai kan sassauta sosai wa wanda ya amsa laifi da ɗan ƙaramin kaya, su ba shi watanni ko zaɓin tara. Sau da yawa kuma ba a ma bi ta wannan dokar, sai a kai yaro gaban majistare da wata tuhuma ta dokar jiha. Don haka abu na farko, ki nemi kwafin takardar tuhumar a ga da wace doka ake tuhumarsa.

Amma jigon maganarki shi ne lambar nan 20. Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne, kuma jihohin Arewa sun bi baya da nasu dokokin, Kano ma ta sa hannu a tata a watan Mayun 2023. A tsarin dokar 2003, shari'ar yaro a kotun iyali ake yin ta, ba a bainar jama'a ba, ba a buga sunansa, iyaye ko mai riƙonsa na da damar zama, ba a yanke masa zaman gidan yari irin na manya, tsarewa kuma ita ce mafita ta ƙarshe. Ta ma ba ɗan sanda da mai gabatar da ƙara ikon kashe ƙaramar magana ba tare da an je gaban alƙali ba, ta hanyar sulhu ko sa ido. Ita kanta dokar NDLEA mai tsaurin nan ta bar wa alƙali ƙofa, in wanda ke gabansa ƙaramin yaro ne zai iya tura shi magani ko karatu ko gyaran hali a maimakon hukunci. Duk waɗannan kariya, biro ɗaya ya share su da ya rubuta 20.

Abin yi: ki nemo duk abin da ke nuna ranar haihuwarsa. Takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, katin rigakafi, rijistar firamare, takardar jarrabawar aji uku. Kotu na da ikon binciken shekarun wanda ke gabanta in aka tayar da maganar. Na biyu, lauya ya nemi a sassauta sharaɗin belin, ana yi kullum. In babu kuɗin lauya akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya, tana da ofis a jihohi, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Na uku, kada wani ya ruɗe shi ya amsa laifi don "a gama da wuri" kafin lauya ya gan shi.

Maman Walida:
Barista, Allah ya saka da alheri. An haife shi a gida, ban taɓa ganin takardar haihuwarsa ba. Amma akwatin marigayiya yana nan ban buɗe ba tun da ta rasu, zan duba.

Tsohon Ganduroba:
'Yata, ki bi maganar Barista da gaggawa. Na yi shekara 31 ina riƙe da makulli kafin in yi ritaya, don haka Abban Sadik, kai nake so ka ji ni.

Kana tsammanin yaro yana shiga ya ɗanɗana ya tuba. Ɗakin da aka gina don mutum ashirin za ka iske mutum sittin ko fiye. A ƙasar nan kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke, kuma su ne ba sa shiga ajin koyon sana'a, suna zaune ne daga safe har dare. To me ake yi a zaman? Hira. Ɗan fashi na ba da labari, dila na ba da labari, yaron da ya shigo da ƙulli biyu yana saurare. Babba ya ba shi guntun sabulu, ya kare shi daga duka, ya ba shi wurin kwanciya. Ranar da zai fita an ba shi lambar wanda zai nema. Na sha ganin fuskar da na sallama tana kuka ta dawo bayan shekara guda da tuhumar makami, wannan karon ko gezau. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Gidan horon matasa na tarayya, wanda dokar 1962 ta tanada don 'yan shekara 16 zuwa 21, shekara da shekaru uku ne kacal aka dogara da su a faɗin Najeriya: Kaduna, Ilorin, Abeokuta. Dokar 2019 da ta canza mana suna zuwa gidan gyaran hali ta ce kada a haɗa yara da manya, ta kuma kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin gayya wa al'umma da ɗaurin talala. Dokar ta yi kyau. Amma alƙalin da yake son tura yaro wani wuri, sai ya duba ya ga ina wurin yake, wa zai kai shi, wa zai ciyar da shi. Shi ya sa ƙara wa yaro shekara uku a takarda ya fi wa kowa sauƙi.

Abban Sadik:
Baba, na ji, kuma na girmama shekarunka. Amma ba ka ba ni amsa ba. In gidan yari ɓata su yake, gida kuma ya kasa, to ina za a kai su?

Ɗan Kasuwar Kwari:
A kai shi gidan mari mana. Mu da muna yara haka ake yi, wata shida a sasari yana karatun allo, ya fito ya yi laushi.

Malamar Asibiti:
Alhaji, don girman Allah kada ka ba ta wannan shawarar. Ka manta abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019? Mutum wajen 300 aka fito da su daga gida ɗaya, da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, wasu ƙananan yara. Bayan nan aka buɗe irinsa a Daura da wasu garuruwa. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, da kuɗinsu, don ba su ga wata hanya ba.

Ina aiki a sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa, kullum da irin yaran nan nake wuni. Wanda jikinsa ya saba da tiramol ko kodin, ranar da ya rasa sai zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, hamma, ba barci. Mai shan roci ko diyazefam da yawa in aka yanke masa lokaci guda har farfaɗiya yana iya yi. Tiramol ɗin asibiti miligiram 50 ne ko 100, na kan titi kuwa 200 ne, 225, har 250. Wannan ciwo ne da ake bi a hankali da magani da zama da mai ba da shawara, sarƙa ba ta cire shi, ƙofar ƙarfe ma haka. Kuma komawa ruwa bayan an daina yana cikin ciwon, ba ya nufin an yi asarar yaro.

Ku duba yawan abin. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, miliyan 10.6 wiwi. Wane gidan yari ne zai ɗauki wannan? Ɗaya cikin huɗu kuma mace ce, amma a layin asibitinmu da ƙyar ka ga mace, ana ɓoye su a ɗaki don kada a rasa mijin aure.

Abban Sadik, wuraren suna nan, sun dai yi kaɗan: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da Kware da Maiduguri, na Dawanau a Kano, makarantar gyaran tarbiyya ta Kiru, da sashen ba da shawara na ita kanta NDLEA. Kuɗin da ake ciyar da yaro wata huɗu yana jiran shari'a, da nan aka juya shi.

Ɗan Kasuwar Kwari:
To Malama na janye. Amma dillalan fa? Ni a ganina a rataye su kawai.

Barista:
An taɓa yi, Alhaji. A ƙarƙashin doka ta 20 ta 1984 an harbe mutum uku a Legas a watan Afrilun 1985, fataucin bai tsaya ba. Majalisar Dattawa ma ta amince da hukuncin kisa ga masu fatauci a watan Mayun 2024, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ni abin da ya fi damuna, wanda ake kira dila a takardar tuhuma sau da yawa yaro ne da aka ba ƙulli goma ya sayar a ba shi biyu ya sha. Mai kwantena yana gidansa. An bar jaki ana dukan taiki.

Malam Liman:
Jama'a, kada a ɗauka tausayi yana nufin halatta abin. Duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, babu saɓani. Amma ku duba yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi da wanda aka riƙa kawowa saboda shan giya. An hukunta shi, da wani ya tsine masa sai Annabi ya hana. A wata ruwayar ta Bukhari ya ce kada ku zama mataimakan shaiɗan a kan ɗan'uwanku. An yi hukunci an gama, mutumin ya koma cikin jama'a, yana sallah a sahu. Ba a ajiye shi wata huɗu ba a san matsayinsa ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai a labarin baiwar Allah nan shi ne takwas ɗin da suka koma gida. An gargaɗe mu cewa abin da ya halaka mutanen da, in mai daraja ya yi sata sai su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Yaron nan ya ga abokansa sun fita shi ya zauna, kuma ya san dalili. Wane wa'azi zan yi masa a kan gaskiya bayan wannan?

Mu ma limamai da masu unguwa da laifinmu. Hajiya, ki je wajen limamin unguwarku da mai unguwa, ki ce su tsaya masa. In kotu ta sassauta, su ne ya kamata su sa hannu.

Ɗan Zango Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Mu nan an canza doka a 2020. Da, a dokar 1990, wanda aka kama yana sha shekara biyar ne mafi ƙaranci, yaran zango da yawa sun ƙare ƙuruciyarsu a gidan yarin Nsawam a kan abin da bai cika tafin hannu ba. Yanzu in don shan kansa ne tara ce, daga sidi 2,400 zuwa 6,000. An samu sauƙi, ba ƙarya. Sai dai wanda ya kasa biya zai iya zaman wata 15, kun ga ɗan talaka bai tsira ba ke nan. In za ku nemi gyara a Najeriya kada ku tsaya a tara, ku nemi a tura su magani.

Na Damagaram:
Mu a Nijar akwai alƙalin yara na musamman. Wanda bai kai 13 ba ba a yi masa hukuncin laifi, daga 13 zuwa 18 kuma ana rage masa. Amma tramol ya cika gari kamar can wajenku, kuma yaron da ya fito daga kaso in bai da aikin yi, fada ɗaya, wato majalisar samari, zai koma ya iske abokansa.

Mai Walda:
Ban so yin magana ba, amma Inna, saboda ke zan yi. Ni an taɓa ɗaure ni. Ina da shekara 19 aka kama ni da kwalba biyu, kafin a hana kodin a 2018. Alƙali ya ce wata shida ko tarar dubu talatin. Babana ya ce ko sisi ba zai bayar ba, in je in ji a jikina, irin maganar Abban Sadik. Na yi wata shidan.

Ban daina komai a ciki ba, da kuɗinka babu abin da ba za ka samu ba. Abin da na koyo shi ne yadda ake buɗe kwado da waya da yadda ake kallon mutum a gane aljihun da kuɗi suke. Da na fito, matan layinmu in sun hango ni sai su janye 'ya'yansu. Duk abin da ya ɓata a unguwa ni ne. Majalisa ɗaya ce ta yi min maraba, kun san wacce.

Wani dattijo mai walda a bakin titinmu ne ya kira ni wata safiya, ya miƙo min gilashin ido ya ce riƙe min ƙarfen nan. Bai yi min wa'azi ba. Kullum ƙarfe bakwai yana ƙofar gidanmu da babur. Shi ya kai ni asibiti, ya zauna a benci yana jira har na ga likita. Sau biyu ina komawa ruwa, sau biyu yana zuwa ya ɗauko ni. Yau shekara shida ban taɓa ba, ina da shagona da yara uku masu koyo, biyu daga cikinsu irina ne.

Inna, ranar da zai fito kada ki bari ya kwana uku ba wurin zuwa da safe. Ki nemi mai sana'ar tun yanzu. Kuma in kin je ziyara ki riƙa ba shi labarin gida ko bai tambaya ba, yana ji, kunya ce da tsoro suka rufe masa baki.

Abban Sadik:
Mai Walda, Allah ya ƙara tsare ka, ya saka wa dattijon nan. Ni har yanzu ina kan bakana a kan duk wanda ya ɗauki wuƙa, ko shekararsa nawa, a hukunta shi, don na ga jinin ɗan'uwana a ƙasa. Amma wanda bai taɓa kowa ba, na yarda ba wurinsa ba ne can. Hajiya, ni ma'aikacin gwamnati ne amma gidan haya nake. In an cire maganar takardar gida, ki sa Barista ya yi min magana ta akwatin sirri, sai dai zan fara zuwa in ga yaron da idona.

Maman Walida:
Jama'a na buɗe akwatin. A ƙasan zannuwanta, cikin wata leda, na samu katin rigakafinsa, ya yi ja ya ɗan yage a gefe amma ranar haihuwa ta fito sarai. Yau da safe na je firamarensu, hedimasta ya sa aka zaro tsohuwar rijista, shekarar ta yi daidai da ta katin, ya ce gobe in dawo in karɓi wasiƙa da hatimi. Liman ya ce zai zo kotu, mai unguwa bai ba ni amsa ba tukuna. Abban Sadik na gode, ziyara ranar Asabar ce, ƙarfe goma. Barista, zaman kotun Talata mai zuwa ne, katin zan kawo da kansa ko hotonsa ya isa?

Barista:
Ki kawo na ainihin da kwafi uku, kada ki ba kowa na ainihin sai a gaban alƙali. Ki zo da wuri, kafin ƙarfe tara, lauyar da na haɗa ku tana so ta gan shi kafin a kira shari'ar.